Gidajen Haɗin Gwiwa a Filayen da Ke Kwance Cikin Gari: Tambayoyin 'Yan'uwa a Sudan da Amsoshinsu

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kuɗin haya a Gadarif da Kasala da Bur Sudan ya fi ƙarfin talaka. Iyali uku ko huɗu a hosh ɗaya, wato gida mai katanga ɗaya, wasu kuma sun yi watanni a azuzuwan makaranta. Da yawa daga waɗanda suka koma Madani da Hartum a 2025 sun tarar da gida ba ƙofa ba taga, an zare har wayar wuta daga bango. A cikin waɗannan garuruwan kuma akwai filaye kwance, ba abin da ke kansu sai leda da awaki. Shi ya sa maganar a haɗa kai a gina ta yawaita a majalisu bayan sallar isha'i. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nufi da gidajen haɗin gwiwa na ɗaki-ɗaki?

Iyalai ne, a ce goma sha biyu ko ashirin, za su kafa jam'iyyar haɗin gwiwa mai rajista. Jam'iyyar ta samu fili ɗaya da sunanta, saye ko haya mai dogon wa'adi, sannan a gina wa kowane gida sashensa bisa awo ɗaya. Ɗaki iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, yadda maƙeri zai haɗa ƙofa ashirin a aiki guda, magini kuma ba sai ya sake lissafi a kowane sashe ba. Ana farawa da ɗaki ɗaya da rakuba, wato rumfa, da madafi, a ja wa na biyu da na uku harsashi a bar su sai hali ya samu. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, wato katanga da tankin ruwa da saifon (ramin bayi) da farantan hasken rana, na kowa ne.

Ai da ma muna adashi, muna gayya. Mene ne sabo a nan?

Daga can tushen yake. Sanduk, adashin da mata ke zubawa duk wata, da nafir, gayyar da ake kira ranar Juma'a a ɗaga bangon jalus, wato ginin laka, su ne jarin da muke da shi, kuma ba ƙaramin jari ba ne. Sai dai gayya tana watsewa da la'asar idan an ci asida, adashi yana mutuwa idan na ƙarshe ya kwashe. Zaman gida kuwa shekaru ne, da mutuwa a ciki, da saki, da rabon gado, da wanda zai tafi Saudiyya neman kuɗi ya daina aiko da zubi. Amanar baki ba ta ɗaukar wannan nauyi, sai an rubuta.

A ƙasar Yurugwai an gwada abin sosai. Dokar gidaje ta 1968 ta ba jam'iyyu damar karɓar bashi su gina da hannunsu, a 1970 kuma suka haɗu a ƙungiya ɗaya mai suna FUCVAM. Kowane iyali yana ba da wajen awa 21 na aikin gini a mako, gidajen kuma mallakar jam'iyya ne, memba yana da haƙƙin zama da zai iya bar wa 'ya'yansa. Dubban iyalai na zaune a irinsu har yau.

Waɗanne filaye ake magana a kai?

Kala-kala ne. Akwai filayen da aka raba a hudda iskaniyya, shirin gwamnati na rabon filayen zama, shekaru da suka wuce, masu su suka karɓi takarda ba su taɓa aza tubali ba. Akwai filayen wakafi. Akwai na hukumar jirgin ƙasa a gefen tsofaffin tashoshi, kamar yadda ake gani a Sinnar da Gadarif da Kasala. Akwai rumbunan ajiya da aka daina amfani da su. Akwai kuma wanda ya fi kusa da hannu, mutane ba su cika tuna shi ba: babban hosh na gado, magada sun warwatsu, tsohuwa ɗaya ce a ciki da ɗakuna biyu, sauran fili fetal.

Biyu ne ba a taɓawa ko an ba ku kyauta. Midan na unguwa, inda ake sallar idi ake kafa rumfar biki da ta makoki, domin ranar da kuka kafa turke ranar za ku zama abokan gabar unguwa. Sai hanyar ruwa. Kwarin da ya shekara goma a bushe yana nan da ransa. Ruwan da aka sheƙa a Hartum a Agustan 1988 ya raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu, kogin Gash ya shiga Kasala a 2003, ambaliyar 2020 ta lalata gidaje fiye da 100,000 a faɗin ƙasa. Kafin ku yi ciniki ku nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ku tambaye shi inda ruwa ya tsaya a waɗancan shekarun.

Fili ba kowa, mai shi bai san da shi ba. Me zai hana mu shiga, daga baya a daidaita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace haɗari, kuma mu Hausawan Sudan ne ya kamata mu fi kowa sanin amsarta. A dokar Sudan babu fili marar mai shi. Dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 kuma ta riƙe wannan asalin. Yawancin filayen zama a birane ma haya ce ta dogon wa'adi daga gwamnati. Abin da ke tsaya wa mutum a gaban alƙali shi ne shahadar bahas, takardar da ofishin rajistar filaye ke bayarwa mai nuna sunan mai fili da lambarsa da ko akwai jingina a kansa. Takardar hiyaza, ta shaidar riƙe fili, da kwamitin unguwa ya buga wa hatimi tana da amfaninta, amma ba ta kai wannan ba.

Iyayenmu sun zauna a Ishash Fallata a kudancin Hartum shekaru masu yawa, aka haifi 'ya'ya da jikoki a can, ƙarshe aka tashe su aka kai su Ingaz. Rikicin da aka yi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilu Shuɗi a Yuli da Oktoban 2022, jinin da aka zubar da dubban da suka bar gidajensu, maganar ƙasa da wa ke da iko da ita tana cikin tushensa. Garin Mayurno ya kafu tun wajen 1906, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka a bakin kogi da jama'arsa bayan yaƙin Burmi, amma har gobe akwai mai ce wa Bahaushen Sudan baƙo. Wanda ake yi wa wannan kallo bai kamata ya aza tubali a inda ba shi da takarda ba.

Yanzu kuma an ƙara wata. Filaye da gidaje da yawa da ake gani ba kowa, masu su suna Masar ko Yuganda ko wani sansani, gudu suka yi kamar yadda muka yi. Shiga kayansu zalunci ne ko babu doka. An kuma lalata takardu da yawa a yaƙin, 'yan damfara sun samu kasuwa. Kada a ba dillali ko jine ɗaya sai lauyan jam'iyya ya je ofishin rajista da ƙafarsa ya ciro sabuwar shahada. Idan mai fili yana waje, a ga wakilcin da aka tabbatar a hukumance, a kuma yi magana da shi ido da ido ta bidiyo.

Ba mu da kuɗin sayen fili. Shi ke nan?

A'a. Haya ta shekara goma sha biyar ko ashirin, a rubuce a gaban lauya, tana iya wadatarwa. Mai filin da ke ƙasar waje sau da yawa abin da yake tsoro shi ne a mamaye masa, don haka jam'iyyar da za ta kewaye fili ta biya haya ta tsare masa shi, riba ce gare shi. Filin wakafi ba a sayar da shi, amma ana ba da shi haya ta hannun hukumar wakafi ko mai kula da shi. A Tailan, shirin Baan Mankong da aka fara a 2003 ya bi wannan hanya: mazauna unguwannin talakawa suka yi jam'iyyu, suka sayi fili ko suka karɓi haya mai tsawo da sunan jam'iyya, ba da sunan mutum ɗaya-ɗaya ba.

Mun ga gidajen kwantena a intanet. Ga su jibge a Bur Sudan, ba su fi sauƙi ba?

A hoto suna da kyau. A Amsterdam an yi wa ɗalibai unguwa guda ta kwantena wajen 1,000, ta yi aiki shekaru, amma can sanyi ake fama da shi. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta mita 6 ne, faɗinta a ciki bai kai mita biyu da rabi ba. Sa angarib biyu, gadon igiya, ka ga abin da ya rage. A Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke wuce 40 a ma'auni, kwana a cikinta daidai yake da kwana a tandar mai burodi. Kafin ta zaunu sai an lulluɓe ta da abin tare zafi, an yi mata rufi na biyu a sama, an yanka tagogi an ƙarfafa gefensu, an ɗauko ta a babbar mota, an nemo ƙugiyar da za ta sauke. Idan aka haɗa wannan duka, ɗakin ƙasa mai kauri ya fi ta arha ya fi ta sanyi. A bakin teku ga tsatsa. Ta yi daidai da ma'ajiyar siminti da kayan aiki lokacin gini, tunda tana kulluwa. Nan amfaninta ya tsaya, a ganina.

To da me za a gina?

Ƙasar wurin ce za ta faɗa. Jalus yana riƙe sanyi fiye da bulok na siminti, ba ya cin kuɗi sai ƙarfi, amma yana son yaɓen zibala, laka da kashin dabbobi, kafin kowace damina, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinsa zai zauna. Maganinsa harsashi na dutse ko jan bulo da ya ɗaga sama da ƙasa sosai, da indararo mai jefa ruwa nesa da bango. Jan bulo na kamina, inda ake ƙona bulo, yana da ƙarko, sai dai itacen da ake ƙona shi da shi yana cinye dazuzzuka, farashinsa kuma yana bin na man mota.

Tsakanin biyun akwai tubalin matsi: ƙasa mai yashi-yashi, a zuba mata siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a danne a injin hannu, a rufe a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako huɗu ya ƙosa. Ba wuta, ba itace. Injin ɗaya ya ishi jam'iyya, in an gama a ba da shi haya. Wannan aiki ne da gayya ta dace da shi ƙwarai.

Mutanen Gadarif da Jazira su yi hattara. Baƙar ƙasar nan da ke ba da riɗi da dawa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita. Ba banza ba gutiyya, bukkar ciyawa, ta daɗe a Gadarif, gini ne marar nauyi da ke bin motsin ƙasa. Irin wannan laka ba ta yin tubalin matsi da siminti, farar ƙasa ta fi karɓarta, ko a kawo wata ƙasa daga wani wuri. Harsashi kuwa sai injiniya ya duba. Kuɗin injiniya ɗaya a raba wa gida ashirin ba komai ba ne.

Batun rufi, zinki tsirara azaba ne. A yi masa silin a ƙasa, a bar iska tana wucewa a tsakani, a ɗaure shi da kyau saboda habub, guguwar ƙura. Inda ƙasa ba ta motsi ana iya yin rufin baka na Nuba da tubali zalla, ba katako ba azara, gara ba ta samun abin ci, amma faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai. Wanda ya taɓa ganin bakan gizo a tsofaffin sorayen Kano da Zariya ba zai ga baƙon abu ba. Tagogi su dubi arewa da kudu kamar yadda maginan Sudan suka saba.

Me ya sa sai awo ɗaya? Kowa ba zai gina yadda yake so ba?

Ɗakin mita 4 da 4 shi ne kowane magini a nan ya sani, kuma ƙarfen rufi da zinki na kasuwa sun saba da shi, ba a yanka a zubar. Sayen sari yana yiwuwa ne idan kayan iri ɗaya ne. Abu na biyu ya fi muhimmanci: idan an shata gurbin ƙari tun farko, wanda ya samu kuɗi ba zai toshe wa maƙwabcinsa iska ba, ba zai ci hanya ba.

A garin Ikike na ƙasar Cile, a 2004, mai zanen gine-gine Alejandro Aravena da abokan aikinsa sun zaunar da iyali 93 a fili rabin hekta a tsakiyar gari. Kuɗin gwamnati bai isa cikakken gida ba, sai suka gina rabin da ya fi wuya, wato ginshiƙai da matakala da madafi da banɗaki, suka bar gurbi kowa ya cike da kansa. Abin ɗauka a nan shi ne a kashe kuɗin tarayya a kan abin da mutum ba zai iya gyarawa daga baya ba.

Matanmu fa? Ba ma son zaman gidan haya, kowa na leƙen kowa.

Gaskiya ne, kuma a nan zane-zanen da ake kwafowa daga waje suke faɗuwa. Kowane sashe ya samu ƙaramin tsakar gida nasa mai katanga, inda za a fito da angarib a kwana da zafi, mace ta yi duhan ɗinta, wato turaren jiki, ba mai ganinta. Kada ƙofa ta kalli ƙofa. Diwan na baƙi maza a yi guda ɗaya babba a bakin ƙofar shiga, ya zama zauren kowa, yara su yi karatun allo a ciki da safe. Wannan kaɗai ya rage wa kowane gida ɗaki ɗaya. Kuma a zaunar da su Hajiya a kan zanen kafin a ja igiya. Su ne suka san inda hayaƙi zai bi da inda za a shanya kaya.

Kuɗi na narkewa a hannu. Yaya za a yi zubi na shekaru?

A Yulin 2021 hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin 100, tun kafin yaƙi ke nan. Jam'iyyar da ta ajiye jine a akwati tana jiran ya cika ta yi asara. A ƙayyade zubi da kaya: kowane gida kuɗin buhun siminti kaza a wata, bisa farashin ranar. Abin da aka tara a mayar da shi zinki da ƙarfe da ƙofofi a makon. Siminti kansa ba a daɗe da shi a ajiye, yana daskarewa. Zubi ya bi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ko wani asusun da ke barin shaida, ma'aji daban, mai riƙe mabuɗin ma'ajiya daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

Bankunan Sudan suna da hanyoyin Musulunci, murabaha don sayen kaya, mugawala don gini. Shawarata a gama zangon farko da ƙarfin kai. Bashi a irin wannan lokaci yana iya cinye filin.

Wanda ba shi da kuɗi sai ƙarfi fa? Ko bazawara mai marayu?

A yi wa aiki farashi a rubuta. Yinin buga tubali, yinin ɗebo ruwa, dafa wa ma'aikata abinci, gadin dare, duk a lissafa su cikin zubi. Marayu kuwa a ware musu kaso daga asusun tarayya tun farko, kada abin ya zama roƙo duk wata.

Dole ne sai an yi rajista?

Dole. Sudan ta san jam'iyyun ta'awun tun dokar 1948, akwai kuma ta 1999, ana rajista a wurin magatakardar jam'iyyu na wilaya. In ba rajista, fili zai hau sunan mutum ɗaya, Alhaji wane amintacce. Ranar da ya rasu, a takarda filin na magadansa ne.

Zan iya sayar da sashena? In na mutu 'ya'yana za su gada?

Abin da ka mallaka kaso ne a jam'iyya da haƙƙin zama. Ana gadonsa. Tunda sashe ɗaya ba ya rabuwa gida takwas, sai a yi masa ƙima, wanda zai zauna ya biya sauran magada sannu a hankali. Mai son fita ya fara tallata wa jam'iyya, ta mayar masa da ƙimar abin da ya zuba da abin da ya gina a farashin yau, ta ba na gaba a layi. Malamai sun san wannan a babin shuf'a, abokin tarayya a abin da ba a raba ba ya fi na waje haƙƙin saye. Idan aka bar kowa ya sayar wa wanda ya fi tayi, cikin 'yan shekaru dillalai ne za su mallaki wurin su zuba 'yan haya. A sa malami da lauya su duba wannan babin tare kafin kowa ya sa hannu.

Ruwa da wuta da bayi?

Tanki ɗaya a sama da famfo mai aiki da hasken rana ya fi kowane gida ya riƙa jiran mai karo, mai tallan ruwa a amalanken jaki. Wuta kuma kowane sashe da mitarsa, ko jamra ce ta kamfani, mitar da ake sayen wuta kafin a sha, ko ta farantan jam'iyya, in ba haka ba rigimar wa ya kunna dutsen guga ba za ta ƙare ba. Bayi kada a yi masa rowa. Kwalarar da aka ayyana a Agustan 2024 ta yi ɓarna a Kasala da Gadarif, cunkoso da ruwa marar tsabta ne abincinta. Rami ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, bakinsa ya ɗaga yadda ruwan damina ba zai shiga ba. Ruwan wanka da na alwala a karkata shi gindin dogon yaro.

Hausawa zalla za mu yi?

Adashi da wanda ka sani ake yi, wannan ba laifi. Amma ina ganin kuskure ne a rufe ƙofa. Unguwar da aka ce ta ƙabila kaza ce tana da sauƙin nunawa da yatsa ranar fitina. Maƙwabci ɗan Bani Amir ko Ja'ali da aka yi shekaru ana ciniki da shi, in ya cika sharaɗi a sa shi. A kuma kai wa limamin unguwa da kwamitinta gaisuwa kafin motar yashi ta fara sauke kaya.

Mu da muka koma Hartum, akwai abin da ya sha bamban?

Akwai. Fili ko kangon da aka yi faɗa a kusa da shi kada a sa masa diga sai masu kwance nakiyoyi na cibiyar ƙasa sun duba. Harsasai da rokokin da ba su fashe ba suna kwance cikin ɓaraguzai, a ja wa yara kunne. Ginin kankare da ya ci wuta kuma ƙarfen cikinsa yana iya yin rauni ko da bango na tsaye, kada a ɗora masa ɗaki a sama sai injiniya ya gani.

Idan wa'adin hayar fili ya cika, ginin na wa?

Na wanda takarda ta ce, don haka a rubuta tun ranar farko. Hanya uku ce: a sabunta haya bisa ƙa'idar da aka yarda da ita tun farko, ko mai fili ya biya ƙimar gini a lokacin, ko jam'iyya ta kwashe abin da ke kwasuwa. Saboda ta ukun, a filin haya a ɗaure ƙarfen rufi da noti maimakon walda, ƙofofi da tagogi su zama masu cirewa, tanki da farantai su hau ƙafar ƙarfe. A kuma sa sharaɗin cewa mai fili zai ba da sanarwar shekara biyu kafin ya ce a tashi, kuma yarjejeniyar ta hau kan magadansa da duk wanda ya sayi filin bayansa.